Yadda Ake Tsara Bayanan Marasa Lafiya a Manhajar Asibitin Likitan Iyali

Likitan iyali yakan riƙe mara lafiya shekara da shekaru. Wanda ya zo bana da zazzaɓi shi ne zai dawo baɗi da hawan jini, matarsa ta zo awon ciki, 'ya'yansa su zo rigakafi, mahaifiyarsa kuma ta riƙa zuwa karɓar maganin ciwon suga duk wata. Saboda haka bayanan da ke taruwa a irin wannan asibiti sukan yi yawa su cakuɗe, kuma sayen manhaja ba ya warware cakuɗewar, domin manhaja abin da aka zuba mata take riƙewa, a yadda aka zuba shi. Tambayar da za a auna kowane fayil da ita guda ɗaya ce: idan likitan da bai taɓa ganin wannan mutum ba ya buɗe fayil ɗinsa, shin cikin minti ɗaya zai san ko wane ne, waɗanne cututtuka yake fama da su, wane magani yake sha, wane magani ne jikinsa ba ya ɗauka, kuma me ake jira a kansa?

Manhajojin suna da yawa. Akwai na kyauta kamar OpenMRS, wadda aka fara a 2004 kuma asibitoci da dama a Afirka suke aiki da ita, da kuma OpenEMR. Akwai na kuɗi kamar EMIS Web da SystmOne, waɗanda likitocin iyali na Ingila suka dogara da su. Sunayen maɓallai sun bambanta daga wannan zuwa waccan, amma guraben da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne, don haka matakan da ke ƙasa za su yi aiki ko da wacce aka zaɓa.

Mataki na farko: a yi ittifaƙi a kan ƙa'idoji kafin a shigar da komai

Likita da ma'aikatan jinya da ma'aikacin ɗakin kati da mai gwaji su zauna su rubuta ƙa'idojin asibitin a takarda ɗaya, a manna ta kusa da kowace kwamfuta. Kwanan wata ya fara da rana, sai wata, sai shekara. Wasu manhajojin da aka ƙera a Amurka suna sa wata a gaba, ta yadda 03/04/2024 zai koma 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, don haka a duba saitin tun ranar farko. A tsayar da ma'auni ɗaya na sukarin jini, domin wasu na'urori suna bayar da shi a mg/dL wasu a mmol/L, kuma bambancinsu ninki 18 ne: 126 a na farko shi ne 7 a na biyu. A naɗa mutum ɗaya da zai zama mai kula da tsabtar bayanan gaba ɗaya, wanda shi kaɗai ke da ikon haɗe fayil biyu ko rufe fayil.

Mataki na biyu: mutum ɗaya, fayil ɗaya, lamba ɗaya

Yawancin ɓarnar da ake samu daga baya a teburin rajista take farawa. Manhajar ce za ta ba kowane mara lafiya lambar asibiti, lambar da ba za ta canza ba har abada, kuma ba za a sake ba wani ita ba ko da mai ita ya rasu ko ya ƙaura. Ba a dogara da lambar waya a matsayin shaida, domin gida guda yakan yi tarayya a waya ɗaya, mutane kuma suna yawan canza layi. Lambar zama ɗan ƙasa ta Nijeriya (NIN) mai alkaluma 11 tana da amfani idan akwai ta, a rubuta ta a gurbinta, amma jarirai da baƙi da tsofaffi da yawa ba su zuwa da ita, don haka ba za ta maye gurbin lambar asibiti ba.

Asibitoci masu zaman kansu da yawa sun saba da katin iyali, inda magidanci zai yanki kati ɗaya a riƙa rubuta shi da matansa da 'ya'yansa a ciki. A takarda wannan yana rage kuɗi da wurin ajiya, amma a manhaja haɗari ne, domin gargaɗin da manhajar za ta bayar game da magani ko shekaru zai faɗa kan wanda ba shi ake nufi ba, sannan sirrin mace ya bayyana ga duk wanda ya buɗe katin mijinta. Abin da za a yi shi ne a buɗe wa kowane mutum fayil nasa, har jaririn da aka haifa jiya, sannan a haɗa su da lambar gida ɗaya domin lissafin kuɗi da sanin dangantaka.

Kafin a buɗe sabon fayil, dole ma'aikacin rajista ya bincika ko akwai tsohon, kuma ya bincika ta hanya fiye da ɗaya. Suna ɗaya yakan zo da rubutu iri-iri: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Aisha, A'isha, Aishatu. Mace takan zo wata rana da sunan mahaifinta, wata rana da sunan mijinta. Uwa takan ji nauyin ambaton sunan ɗan fari, sai ta bayar da laƙabin da ake kiransa da shi a gida, a wata ziyarar kuma uba ya bayar da sunan yanka, sai yaro ɗaya ya wayi gari da fayil biyu, rabin rigakafinsa a nan rabi a can. Mafita ita ce a rubuta sunan yanka da sunan mahaifi a manyan gurabe, a ajiye laƙabi da sunan miji a gurbin ƙarin suna, a bincika da haruffa uku na farkon suna tare da unguwa da lambar waya.

Mutane da yawa, musamman dattawa, ba su san ranar haihuwarsu ba. A ƙiyasta shekarar ta hanyar tambayarsu abin da suka tarar ko suka tuna, sannan a danna alamar da ke nuna cewa ƙiyasi ne. OpenMRS da wasu manhajojin suna da wannan gurbi. Idan aka cika kowa da 1 ga Janairu ba tare da alama ba, ranar haihuwa ta daina bambance mutum da takwaransa. Ga yara ƙanana kuwa a nemi katin rigakafi ko takardar haihuwa, domin awon maganinsu da bin girmansu sun rataya ne a kan ainihin shekaru da nauyi.

Mataki na uku: jerin matsaloli a shafin farko

Wannan shi ne ginshiƙin fayil ɗin, kuma likita ne da kansa zai gina shi. Tunanin ya samo asali daga wani likitan Amurka, Lawrence Weed, wanda a 1968 ya bayyana cewa bai kamata a tsara bayanan mara lafiya bisa jerin ranakun zuwansa kawai ba, a tsara su bisa matsalolin da yake ɗauke da su, kowace da sunanta, ta yadda duk abin da aka rubuta daga baya zai rataya a jikin ɗaya daga cikinsu.

A raba jerin gida biyu. Kashi na farko shi ne matsalolin da ke nan daram, waɗanda ke buƙatar kulawa yanzu: hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, sikila, ciwon ƙoda, juna biyu. Kashi na biyu shi ne muhimman abubuwan da suka wuce amma suna iya sauya shawarar likita nan gaba, kamar haihuwa ta hanyar tiyata, tarin fuka da aka gama maganinsa, gyambon ciki da ya taɓa zubar da jini, ko shanyewar ɓarin jiki. Mura da gudawar kwana biyu da zazzaɓin cizon sauro da ya warke ba su da gurbi a wannan shafi. Wurinsu bayanin ziyarar ranar ne. Jerin da ya cika da ƙananan abubuwa yakan binne babba, ido ya tsallake ciwon ƙoda saboda yana tsakanin mura ta bara da ta bana.

Kowace matsala a sa mata shekarar da aka fara gano ta, ba ranar da aka shigar da ita a kwamfuta ba. Manhajoji da yawa suna cike gurbin da kwanan watan yau idan ba a gyara ba, sai mutumin da ya shekara 15 da ciwon suga ya bayyana kamar jiya ya kamu, alhali tsawon zaman cutar ne ke sa likita ya matsa wajen duba idanu da ƙoda da ƙafafu. Cuta ɗaya kuma sau ɗaya take shiga jerin. Idan mai hawan jini ya dawo karɓar magani, a rataya bayanin ranar a jikin hawan jinin da ke nan, kada a ƙirƙiri sabo.

Akwai wani abin da ya kamata likita ya yi wa kansa linzami a kai, wato rubuta zato a matsayin tabbas. Wanda awonsa ya kai 150/95 sau ɗaya, a ranar da yake cikin ciwo ko firgici, ba a rubuta masa hawan jini. A rubuta cewa awon jininsa ya hau, ana bibiya, sai an maimaita awon a ranaku daban-daban an tabbatar sannan a sauya sunan. Sunan cuta idan ya shiga shafin farko yana da wuyar fita, domin duk wanda ya zo daga baya zai ɗauka wani ya riga ya tabbatar, kuma yana iya bin mutum har takardun inshora da na neman aiki. Haka ma rukunin jini da nau'in jini na AA ko AS ko SS: a nuna ko daga takardar gwaji aka kwafo ko daga bakin mara lafiya aka ji.

Mataki na huɗu: magunguna, da waɗanda jiki ba ya ɗauka

A rubuta kowane magani da sunansa na asali maimakon sunan kamfani, tare da ƙarfinsa da yawan shan da dalilin bayar da shi. Idan aka rubuta amlodipine a wata ziyara, Norvasc a wata, jerin zai nuna magani biyu alhali ɗaya ne, kuma ana samun mara lafiyar da ke haɗiye duka biyun a gida. A bambance maganin dindindin da na kwanaki: na kwanaki a sa masa ranar ƙarewa domin ya fita da kansa, na dindindin kuma a sa masa ranar da za a sake duba shi. Duk maganin da aka dakatar, a rubuta dalili a taƙaice, in ba haka ba wani likitan zai mayar da shi bayan shekara. A tambayi abin da mutum yake saya da kansa a kemis da abin da yake sha na gargajiya, a shigar da su, musamman magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda.

Gurbin magungunan da jiki ba ya ɗauka kada a taɓa barinsa fayau. Gurbi fayau yana iya nufin babu komai, yana iya nufin ba a tambaya ba, kuma mai karatu ba shi da hanyar bambancewa. Idan an tambaya babu, a rubuta cewa an tambaya babu, da kwanan wata. Idan akwai, a rubuta sunan maganin da abin da ya faru da tsananinsa. Wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa sa wa fata ta saɓule, baki da idanu suka yi gyambo, wannan gargaɗi ne na rai da mutuwa da ya shafi sauran magungunan dangin salfa. Wanda chloroquine ke sa wa ƙaiƙayi, abin da aka sani sosai a tsakanin baƙar fata, ko wanda lisinopril ke sa wa busasshen tari, wannan illar magani ce, a rubuta ta da sunanta a matsayin illa. Cakuɗa biyun yana sa manhaja ta riƙa ƙara gargaɗi a kan komai, har ma'aikata su saba da danne shi ba tare da karantawa ba.

Mataki na biyar: bayanin kowace ziyara da lambobin cututtuka

Tsarin da ake kira SOAP, wanda shi ma daga aikin Weed ya fito, ya raba bayanin ziyara kashi huɗu: abin da mara lafiya ya faɗa, abin da aka gani aka auna, abin da likita ya fahimta, da abin da za a yi. Awon jini da nauyi da zafin jiki a shigar da su a gurabensu na alkaluma, domin abin da aka rubuta a cikin dogon bayani manhaja ba ta iya zana shi ta nuna hawa da sauka. Kwafo bayanin ziyarar baya a liƙa a ta yau ɗabi'a ce da ya kamata a hana, domin tana ɗauko tsohon kuskure ta ba shi sabon kwanan wata.

Sunan cuta a zaɓo shi daga jerin da ke cikin manhajar mai ɗauke da lamba. Tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne aka fi sani, inda I10 ke nufin hawan jini, E11 ciwon suga nau'i na biyu, J45 asma, D57 sikila. Sabon bugu, ICD-11, ya fara aiki a Janairun 2022. Ga likitan iyali kuwa akwai ICPC-2 na ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, wanda fifikonsa shi ne yana da lambobi na alamomi, kamar A03 na zazzaɓi da R05 na tari, saboda haka likita ba ya tilasta wa kansa sunan cuta a ranar da abin da ke gabansa alama ce kawai. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kai. Amfanin lamba yakan fito ne ranar da aka nemi jerin duk masu ciwon suga da ba a duba ƙodarsu ba a cikin shekara: idan an yi lambobi, aikin daƙiƙoƙi ne.

Mataki na shida: sakamakon gwaji da takardun da ke shigowa

Kowane sakamako da kowace wasiƙa daga asibitin ƙwararru su bi hanya ɗaya: a karɓa, a tabbatar da suna da lambar asibiti, a shigar, a kai gaban likita, likita ya rubuta matakin da za a ɗauka, sannan a rufe. Takardar da aka ɗauki hotonta a sa mata suna mai bayani, wanda ya ƙunshi ranar da aka rubuta ta da nau'inta da inda ta fito, misali ranar kaza, hoton ƙirji, asibitin koyarwa. Amma hoton takarda ajiya ce kawai, manhaja ba ta karanta abin da ke cikinsa. Idan wasiƙar likitan zuciya ta ce an sauya magani ko an gano sabuwar cuta, sai likita ya je ya gyara jerin magunguna da jerin matsaloli a ranar, in ba haka ba labarin ya kwanta a cikin hoto. A riƙe kuma jerin gwaje-gwajen da aka nema da marasa lafiyar da aka tura wani asibiti, a duba shi duk mako, domin sakamakon da bai dawo ba babu abin da zai tuna wa kowa da shi.

Mataki na bakwai: tsofaffin katuna

Kada a yi yunƙurin kwashe ɗakin kati gaba ɗaya cikin kwamfuta a wata guda. Ɗaukar hoton kowace takarda a loda ta kamar zuba gero da dawa da wake ne a rumbu ɗaya: komai yana ciki, amma ba a iya ɗebo abin da ake so. A fara da masu cututtukan dindindin da masu juna biyu da yara masu rigakafi, sauran kuma a shigar da kowa ranar da ya zo. Wanda zai taƙaita katin ya zama likita ko ma'aikacin jinya mai gogewa, ya ciro jerin matsaloli da magunguna da abin da jiki ba ya ɗauka da tiyata da rigakafi da sakamakon ƙarshe na muhimman gwaje-gwaje, ya tabbatar da su daga bakin mara lafiya. A buga wa katin hatimi da kwanan wata cewa an taƙaita shi, a daina rubutu a cikinsa, a adana shi a kulle. Rubutu a wuri biyu a lokaci guda yana haifar da fayil biyu da babu cikakke a cikinsu.

Mataki na takwas: sirri, gyara da ajiyar kwafi

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitocin Nijeriya ajiye bayanan marasa lafiya da kare sirrinsu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma nemi a sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. A aikace, kowane ma'aikaci ya kasance da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ya ga iya abin da aikinsa ke buƙata: mai rajista da mai karɓar kuɗi ba su da hurumin karanta bayanin likita. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a rufe masa ƙofar shiga manhajar. Aika sakamakon mara lafiya ta WhatsApp daga wayar ma'aikaci yana barin kwafi a wurin da asibiti ba shi da iko a kai. Idan an yi kuskure a rubutu, ba a gogewa. A ƙara gyara a ƙasa da dalili da kwanan wata, asalin ya zauna.

Game da ajiyar kwafi, ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin asibitin, kuma a kulle da kalmar sirri. A riƙa yinsa kullum bayan tashi, sannan duk bayan 'yan watanni a gwada dawo da bayanan a wata kwamfuta, domin akwai kwafin da ba a gane ya lalace sai ranar da aka neme shi. Kwamfutar da ke riƙe da bayanan tana buƙatar batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, a kuma tanadi takardun wucin gadi masu gurabe irin na manhajar, waɗanda za a shigar da zarar wuta ko intanet ta dawo, da ainihin ranar da aka ga mara lafiyar.

Sau ɗaya a wata, mai kula da bayanai ya zaro fayil 20 ba tare da zaɓe ba, ya duba ko gurbin abin da jiki ba ya ɗauka a cike yake, ko jerin magunguna ya dace da ziyarar ƙarshe, ko akwai sakamakon da ba a rufe ba. Ya kuma sa manhajar ta fito da sunayen da suka yi kama da juna. Kafin a haɗe fayil biyu a tabbatar ta shaida uku aƙalla, kuma in da hali a tambayi mai shi, musamman a kan tagwaye da 'yan gida ɗaya masu suna ɗaya, domin a manhajoji da yawa raba fayil bayan an haɗe shi sai an bi bayanan ɗaya bayan ɗaya da hannu.